Sikelin Akoka

Babana ɗan goro ne a Agege.
Da tafin hannu yake awo: ya ɗaga, ya jinjina,
ya ce wannan daushe ne, wannan na bana.
Shekarar da fumfuna ta ci masa huhu goma sha ɗaya
bai yi kuka ba. Ya zauna bisa tabarma
yana ɓare su ɗaya-ɗaya har magariba,
ko zai dace da mai rai.

Ni kuwa kwalekwalen Hunsu na shiga da sassafe,
doguwar gada na ruri a kanmu, ruwa baƙi kamar na marina.
Na kankaro ruɓaɓɓen katako daga ƙafar wani gida a Makoko.
Hunsu ya danne dariya: "Hajiya, kifi fa mutane ke nema."

Sati uku a faranti mai murfi,
abin ya tsiro toka-toka, gefensa ruwan ƙwai.
Na ajiye masa fumfunar goro a maƙwabtaka.
Ta taho da zafinta, sai ta ja birki.
Fili fes tsakaninsu, faɗin farce,
kamar an bi da tsintsiya.
Ashe ko a teku, da ɗan gari akan ci gari.

To, me ya watsa mata?
Na tatse ruwansa, na tace, na sake tacewa,
abin da ya rage bai kai ɗigon hawaye ba.
Na ɗura wa na'ura da allura.
Ita ba ta tambayar suna. Lantarki take sa wa ƙwaya,
ta harba ta a bututun da babu iska,
marar nauyi ta riga isa, mai nauyi ta biyo sahu,
sannan ta farfasa ta, ta auna gutsattsarin,
yadda ake gane tulu daga tsingaro.

Sau biyu aka ɗauke wuta.
Oyebanji ya lallashi janareto da Yarbanci.
Ɗaya da kwata na dare, tsini ya miƙe a allo:
ɗari huɗu da goma sha bakwai, da ɗigo biyu.
Na bincika kundin sunaye kaf. Akwai ɗan'uwansa,
amma nawa ya ɗara shi da sha shida.

Ba magani ba ne tukuna.
Saura ɓera, saura kuɗi, saura shekaru,
wataƙila ma dafi ne ga mai tauna.

Na kira Baba bayan asuba,
na ce yau na auna abin da ido bai gani.
Ya yi shiru. Ina jin yana taunar goro.
Can ya ce, "Uwani, nawa ƙwaryarsa?"