Bayan Tikitin Mota

Kuran ya ɗauke a Zengo,
muka fito da ordinatoci ƙarƙashin dogon yaro,
Barira na fifita gawayin shayi da murfin littafi.

Jiya Kiyari ya dawo daga Yamai,
taron masu rubuta manhaja,
ƙafa a kumbure don zaman mota.

"Jikka saba'in," in ji Mutari, yana lanƙwasa yatsu.
"Duk abin da suka faɗa zai hau bidiyo,
in kalla a kwance, kyauta.
Me ka kawo ban da riga mai tambari?"

Kiyari bai musa ba.
Jawabi uku barci ya sha,
na huɗu talla ce sanye da kwat.

Sai ya laluba aljihu,
ya juya bayan tikitin mota:
akwati huɗu, kibiya biyu, da jan biro.
"Wata 'yar Agadas ta zana mini a layin abinci.
Su ma rezo na yanke musu tsakiyar aiki.
A ajiye a waya tukuna, a aika in ya dawo,
kowane saƙo da lambarsa, kada ya shiga sau biyu."

Wata uku ke nan
manhajarmu tana ninka kwalayen magani a lissafi,
ni ke shan zagin mai famasi.

"Layin abinci ba ya hawa bidiyo," in ji Barira.
"Har yanzu da tsada," Mutari ya ce,
amma bai mayar da tikitin ba.

Batirina saura sha ɗaya cikin ɗari.
Na buɗe.