Butar Malam Tanimu

Asabar, ƙarfe goma, a Samaru,
wani ɗaki mai taga biyu bayan shagon fotokwafi.
Mu tara ne, ni kaɗai mai furfura.
Malam Tanimu ya ɗora buta kan tebur,
tsohuwa, ta ƙarfe, da lotsawa a kwiɓi,
ya ce, "Kada wanda ya taɓa fensir tukuna. Ku duba."

Na ce a raina, buta kuma?
Ni da nake ɗaukarta sau biyar a yini
tun ban san dama da hagu ba?

Shekara talatin da takwas ina taka keke a Tudun Wada,
alli a bayan kunne, tef a wuya.
Layina ba ya shawara, almakashi ke bin sa.
Sai na shaƙe fensir a maƙogwaro,
na danna, bakin ya ce ƙas.
Ladidi, yarinyar da ke gefena,
ta turo mini reza, ko kai ba ta ɗago ba.

"Baba, sassauta. Kama shi daga gindi.
Kafaɗa ke tafiya, yatsu rakiya suke yi."
Muka cika shafi guda da da'ira.
Nawa, wasu ƙwai, wasu gauta,
ɗaya kuwa ƙosai ne da aka taka.

Aka zo awo, na gyara zama, an shigo gonata.
Miƙe hannu, rufe ido ɗaya,
babban yatsa ya hau ya sauka a jikin fensir:
hancin buta sau nawa zai shiga cikinta?
Na gama kafin kowa.
Buta sumul, ba karkata, kamar yau ta bar kasuwa.

Malam ya daɗe tsaye a bayana.
"Wannan ta wane gida ce?
Tamu ta sha faɗuwa, ga tabon nan yana kallonka.
Ka zana wadda ka sani, Baba.
Wadda ke gabanka har yanzu tana jira."

Kunya ta kama ni har tafin ƙafa.
Na juya shafi.

Inuwa, in ji shi, rini ce:
tsomi ɗaya, ka ɗaga, ka duba,
tsomi biyu, tsomi uku,
kada ka kai baƙi da gaggawa, ba a dawowa daga can da sauƙi.
Layi tsaye, layi kwance, kamar saƙa.
Haske kuwa ba a zana shi,
wuri ake bar masa, ya zo ya zauna.
Kilina ma ba don kuskure kaɗai aka yi ta ba,
da kusurwarta na buɗe wa lotsawar nan ido,
sai ga ƙarfe ya yi sanyi a kan takarda.

A bas, daga Kwangila zuwa gida,
gefen hannuna baƙi ƙirin,
ina ta ganin abin da ba a aike ni ba:
duhun da ke ƙarƙashin hular kwandasta,
rabin lemo a rana, rabi a ɓoye,
Kufena can nesa, toka-toka, tsomi ɗaya.

Da magariba aka ɗauke wuta.
Kande ta kunna fitila tana tsintar shinkafa.
Na san faɗin kafaɗarta da ka,
rigunanta duka ba tef na yanka su.
Amma ban san haske na sauka a gefen hancinta
ya gangaro, ya ɓace a wani ɗan kwari kusa da baki ba.
Yaushe aka haƙa shi? Ina ina?

"Lafiya kake kallona haka?"

Na miƙe hannu, na rufe ido ɗaya.
"Harbi kuma aka koya muku?" ta ce,
dariya na girgiza faifan.

Na ce, "Kar ki motsa."
Ta ce shinkafa ba ta jira.

Amma ba ta motsa ba.