Fil

Wasiƙar ta faɗo ta ramin ƙofa ranar Talata,
tare da takardar kuɗin wuta.
Na dawo ke nan daga aikin dare,
hannuna na ƙamshin sabulun gidan tsofaffi.
A tsaye na karanta, ko takalmi ban cire ba:
makaranta na son jin bakin iyaye
kan abin da yaro zai rataya, ya ɗaura, ko ya yafa.

Barira na sama tana neman fil.
Kullum fil.
Kwali guda na saya mata a titin Evington,
duk sun bi iska kamar kuɗin cefane.
Hijabinta shuɗi ne mai duhu.
Shago huɗu na zaga cikin yayyafin Leicester
kafin na sami launin da ya shiga da rigar makaranta.

Ban ce ta sa ba, Allah ne shaida.
Ni kaina gyalena ya fi sabawa da kafaɗa.
Ran da ta cika sha biyu ta sauko da shi a karkace,
kunne ɗaya a waje yana shan sanyi.
Na buɗe baki, na mayar na rufe,
na gyara mata kunnen kawai.

A ɗakin cin abincin yara aka yi taron,
warin dafaffen dankali bai gama fita ba.
Kujerun ƙanana ne, gwiwoyinmu sun kusa taɓa haɓa.
Wani mai furfura ya miƙe a natse, ya ce
a bar addini a bakin ƙofa kamar lema,
yara su shigo kansu ɗaya.
Wata ta ce ta san yarinyar da ke cire nata
a bayan tashar bas, tana waige-waige,
ta mayar da yamma kafin ta kai gida.
Ban musa ba.
Na san yarinyar, na san uwarta,
mun sha haɗuwa wurin mai nama.

Baban Harjit bai yi dogon zance ba,
hannu ya ɗaga, awarwaron ƙarfe ya zame zuwa gwiwar hannu.
Matar da ke goge benen makarantar
ta tsaya da tsintsiya daga can baya,
yatsunta na wasa da ƙaramin gicciye a wuyanta.
Ba wanda ya tambaye ta.

Da aka zo kaina, Turanci ya watse min
kamar 'yan tsaki sun ga shirwa.
Na tsinto abin da na tsinta, na ce:
hannun da ke ɗaura wa yarinya dole,
da hannun da ke tuɓe mata dole,
ni dai daga inda nake zaune
kan 'yata na ga duka biyun sun nufa.
Ku tambaye ta mana, tana da baki,
ita ce ma ke gyara min nawa Turancin.

Shugabar ta rubuta wani abu.
Ko maganata ce, ko lokacin tashi, oho.

Na tarar da Barira a kicin, kai a buɗe,
kitson da na yi mata ran Lahadi ya fara tsufa,
tana faɗa da lissafi, tana cizon biro.
Me suka ce?
Na ce za su rubuto.
Ta ɗaga kafaɗa: gobe akwai jarrabawa,
Umma, don Allah ba ki ga fil ɗina ba?

Na cusa hannu a aljihu neman makulli,
sai ga shi ya soke ni a yatsa.
Ashe tare muka je taron.