Idon Dankali

Ina 'yar shekara sha biyar rana ta ɓace.
Wani dutse can ƙetaren teku ya yi aman wuta,
kwana goma sha ɗaya bai huta ba.
Toka ta hau sama ta yi zamanta,
mu a tsibirin Chiloé muka wayi gari
tsakar rana kamar bayan magariba.

Shekarar farko mun cinye tumaki.
Ta biyu muka koma wa teku,
ni da ƙanena Nahuel, da bokiti da wuƙa,
muna ɓamɓaro ƙumba a jikin duwatsu,
muna janyo ciyawar ruwa mai santsi
har yatsu su manta namu ne.
Baba ya tafi Puerto Montt neman fulawa,
ya ce kwana huɗu.
Na daina zuwa bakin gaɓa duba shi.

Malam Baldomero yana da rediyo a makaranta,
irin wadda ake murɗawa da hannu.
Daren Laraba mu taru, kowa ya murɗa ɗari.
Muryoyi su zo da harsunan da ba ma ji,
amma ƙidaya ba ta neman tafinta:
ko'ina lissafin buhu ake, da na kabari.

Kakarmu Eduvina ta bar akwati ɗaya
ƙarƙashin katakon ɗaki,
dankalin iri, abin da ya tsira daga gonar bara.
Arba'in da biyu.
Wani baƙi wuluk, wani ja,
wani in an yanka shi shuɗi ne a ciki,
wani lanƙwashe kamar yatsan tsoho.
Daren da za ta cika ta damƙi wuyan hannuna:
"Rayén, wanda ya ci iri ya ci jikokinsa.
Sai rana ta dawo za ki binne su.
Ki riƙa ƙirgawa. Kada ki yarda da kowa,
har da ke."

Na ƙirga da safe, na ƙirga da dare.
Wani lokaci nakan sa ɗaya a hanci
in shaƙa har ido ya kawo ruwa,
in mayar.

Wata asuba na samu talatin da tara.

Ban tambaye shi ba. Mari na kai masa,
irin wanda tafin hannu ke jin zafinsa har yamma.
Bai yi kuka ba, yaron shekara goma.
Ya sa takalminsa, ya ce in biyo shi.

Bayan tsohuwar coci akwai fasasshen kwalekwale.
Ya cika shi da ƙasa da ruɓaɓɓiyar ciyawar teku,
ya rufe da gilasan motar makaranta da ta mutu.
Ashe butar da nake nema kullum da dare
nan take kwana, cike da ruwan zafi.

"Na ci," ya ce. "Ba zan yi miki ƙarya ba.
Tsakiyar na ci. Idanun na bari."

Na durƙusa, na goge gilashin da hannun riga.
Tsiro goma sha ɗaya,
sirara, fari-fari, kamar masu jinya,
duk sun karkata gefe guda,
wajen da ya kamata a ce gabas take.

Kaka ta ce a jira rana.
Su ba wanda ya gaya musu.

Ban ba shi haƙuri ba, har yau ina da bashin.
Na dai koma gida na ɗago katakon,
na kwaso shida a cikin hulata.
Muka zauna da wuƙa ɗaya,
shi yana nuna ido, ni ina yankawa.
Tsakiyar muka dafa, muka kai wa Malam rabi.

Sati bakwai bayan nan, muna ɗibar ruwa,
Nahuel ya tsaya cak yana kallon ƙasa.
Wani abu ne dishi-dishi manne da dugadugansa,
mai manyan kunnuwa irin nasa.
Ya ɗaga hannu, abin ya ɗaga.

Ban kalli sama ba tukuna.
Na tsaya neman tawa.