Yatsa na Shida

An sa masa Cindo don yatsunsa shida ne,
biyar na aiki, ɗayan yana zaune.
Ranar da na fara zuwa na tambaye shi,
"Baba, wannan ƙaramin me yake yi?"
Ya ce, "Shi ne mai saurare.
Kai ma zauna."

Damina biyu na yi a zaurensa na Mazoji,
hannuna bai taɓa sarewa ba.
Ya ba ni tsinke da ƙoƙon ruwa,
ya ce in hura, kada kumfa ta yanke.
Na ƙware, na yi tari, yara suka sheƙe,
shi kuwa yana tufkar igiyar akuya,
ko ɗaga kai bai yi ba.

In an gama girbi yakan bi gonaki
yana ƙwanƙwasa karan dawa da farce.
Cikin ɗari ya zaɓi biyu,
cikin biyun ya ba jaki ɗaya.
Ya gasa basilla a wutar mai shayi,
ya huda ƙofa huɗu,
ya ce, "Ta biyar tana ƙirjinka,
ita ba ni ke huda ta ba."

Busa arba'in da uku ya sani.
Akwai ta 'yan gayya in rana ta take,
akwai ta shanu in sun ƙi barin rijiya,
akwai Hanyar Mai'aduwa da Dare,
wadda ke sa fatake su daina hira.
Da wata da bai sa wa suna ba.
Ya fara ta ne shekarar da Hansai ta rasu,
a tsakiyarta yakan tsaya kaɗan,
iska na zurarewa ta giɓinsa,
sa'an nan ya ɗora.

Sha tara na riƙe.
Sauran sun bi shi makwanci.
Ina ƙirga su da dare kamar mai neman tumaki,
kullum garken raguwa yake.

Da aka zo rabon gado
an ƙirga rumbu, awaki uku, rediyo da buta.
Sarewar tana soke a jikin azara,
mai rabo ya ce kara ba ya shiga lissafi.
Na sa ta a aljihun 'yar shara,
ba wanda ya ce mini don me.
Kaset ɗaya da wani baƙo ya ɗauka,
rikoda ta tauna shi tun ina saurayi.

Yanzu tela ne ni a kasuwar Daura.
Ƙafata na taka keke,
wani lokaci sai in kama ta
tana bin kiɗan da na ce na manta.

Larabar da ta wuce, rana tsaka,
wani ɗan ga-ruwa ya turo kurarsa,
jarkoki goma, gumi har ido,
yana fito da baki.
Allura ta tsaya a hannuna.
Ita ce, marar sunan nan!
Ya kai tsakiya ya tsaya kaɗan,
shi da haƙoransa talatin da biyu cif,
sa'an nan ya ɗora.

Na ce, "Yaro, wa ya koya maka?"
Ya ce, "Ba kowa. Innata ke yi in tana surfe."
"Ka san Cindo?"
Ya ce, "Na wace unguwa?
Za ka sayi ruwan ne, ko in wuce?"

Na sayi jarka biyu da ba ni da buƙata.

Da magariba na ciro sarewar.
Ta tsage ta gefe, na naɗe ta da zaren ɗinki,
na hura, ta amsa da dasasshiyar murya
kamar wanda aka tasa daga barci.
Tasalla, autata, ta ajiye tsintsiya,
ta miƙo hannu tana so ta karɓa.
Na janye.
Na ce, "Ɗauko ƙoƙo da ruwa.
Zauna."