Shuɗin Maki

Daraktan bai ce in karanta layi ba,
bai ce in yi kuka ba, bai ce in yi dariya ba.
Hannu ya miƙo: "Tasi'u, ba ni wayarka."
Ya duba, ya taɓe baki, ya turo mini kayana.
"Dubu biyu da ɗari uku ne mabiyanka,
kuma ban ga shuɗin maki a gefen sunanka ba.
Je ka, in ya fito ka neme ni."

Shekara huɗu na yi a Samaru,
ba takalmi, a kan daɓen dandali.
Na yi kurma, na yi alƙali, na yi ɓarawon akuya.
Na taɓa yin gawa minti ashirin cur,
cinnaka na aiki a ƙuguna, ban motsa ba.
Babu gurbin wannan a fom ɗinsu.

Fom cewa ya yi: ɗora katin ɗan ƙasa,
juya dama, juya hagu, ƙifta ido.
Na ƙifta.
Ni da nake zubo hawaye ta ido ɗaya in an buƙata,
na'ura ta ce ba ta gamsu da fuskata ba.
A kati an buga Tasiu, a shafi na sa Tasi'u,
ɗan waƙafin nan na sama, da bai kai ƙwayar gero ba,
shi ya shiga tsakanina da ni.

A PZ, bayan masu liƙa gilashin waya,
akwai wani yaro da ake kira Injiniya.
Ya ce yana da mutum a ciki,
dubu arba'in da biyar, kwana uku.
Na sayar da fanka, na sayar da katifa,
ɗakina na Hayin Dogo ya koma masallaci, tabarma kaɗai.
Kwana uku suka haifi wata.
Lambar da nake kira, in ji matar nan, a kashe take.

Ana haka wani, ban san garinsu ba,
ya kwashi hotunana na bikin Hajjo,
ya buɗe shafi da sunana yana roƙon 'yan mata kati.
Ya ninka ni mabiya sau huɗu.
Ran Talata wata ta rubuto mini:
"Malam, ka ji tsoron Allah, ka daina kwaikwayon Tasi'u."
Kwaikwayo dai sana'ata ce,
amma wannan rawar ban taɓa gwada ta ba.

Kakana Barau marini ne a karofin cikin birni.
Shuɗi ya ci hannunsa har gwiwa,
sabulu ya gaji, toka ta gaji,
masu wankan gawarsa ma haka suka bar shi.
In ya miƙa hannu a kasuwa an san wane ne.
Shi ma sayen baba yake da kuɗinsa, ban ce kyauta ba,
sai dai shekara arba'in yana tsoma hannu
kafin launin ya yarda ya zauna.
Ni kuwa so nake ya kama kafin Juma'a.

Yau a Kwangila, ƙarƙashin gada,
ina jiran motar Kano ta cika,
mai awara ta tsaya da matsami a hannu tana kallona.
"Kai ne gawar nan!
Wasan da kuka yi a filin makarantar Bomo.
Wallahi har na ce a duba, ko da gaske ka tafi."
Ta ƙara mini guda biyu, ta barbaɗa yaji.

Na ci, na lashe yatsa, na ciro waya.
Maiƙo ya bar tabo daidai gefen sunana,
zagayayye, yana ƙyalli a rana.
Ban goge ba tukuna.

Kwandasta na ihu saura mutum ɗaya.
Na sake tura fom, karo na biyar,
aka ce in saurari amsa nan da kwana talatin.