Ruwan Gishiri a Ulanbatar

Asuba ba ta da launi a unguwarmu.
Hayaƙin kwal ya kwanta a kan tudu
kamar bargon da aka manta ba a wanke ba,
bukkokin ulu dubu, bututu dubu,
kowa na tari a bayan ƙofarsa.

Sarnai ta kwana baki buɗe.
Ina jin numfashinta yana ja
kamar ƙyauren da tsatsa ta ci.
Shekararta bakwai. Ta ce goshinta ya yi nauyi,
wai an sa mata dutse a bayan ido.

Jiya na turo jarka daga rumfar sayar da ruwa,
kafin in kai gida bakinta ya daskare.
Ruwan nan ba a yarda da shi haka kawai.
Uwarta ce ta faɗa mini,
tana tsaye daidai inda nake tsaye yanzu:
"Tafasa shi, Tuvshin, bar shi ya yi ta ɓararraka.
Hanci ba ciki ba ne, ba ya yafe ƙazanta."

Na ɗora tukunya a murhun ƙarfe.
Minti biyar, idona a kan agogo.
Na sauke.
Saura jira, abin da ban taɓa iyawa ba.

Gishirin daga Uvs yake, ƙasarsu,
ƙanenta ya aiko shi a tsohon buhun fulawa,
tsantsarsa, ba a gauraya shi da komai ba.
Shi muke zubawa a shayin madara.
Rabin ƙaramin cokali a kofi guda,
a shafe, ban da tozo.
Sai farar sodar burodi,
iya abin da yatsu biyu za su tsakura,
ita ke kashe masa kaifi.

Ranar farko na cika hannu,
yarinya ta yi ihu, ta ce wuta na ɗura mata.
Washegari na yi rowa, nan ma ya yi zugi.
Ashe hanci da ma'auninsa yake tafe.
Uwarta kuwa ba ta taɓa neman cokali ba,
lasa take yi, ta ɗaga gira:
"In ya yi kamar hawaye, ya yi."

Ɗari biyu ke nan tana Koriya
tana naɗe kwalaye a wata masana'anta,
kuɗi na zuwa ƙarshen wata,
muryarta na zuwa ranar Lahadi.
Na ɗiga ruwan a bayan hannu: ɗumin jiki.
Na kai harshe.
To. Wannan ɗanɗanon ba sai an koya mini ba.

"Taso, 'yar baba. Sunkuya kan kwano.
Karkata kai. Buɗe baki, ta nan za ki shaƙa,
kada ki haɗiye, kada ki yi magana."
Ita da magana!
Na kafa bakin 'yar butar a ƙofar dama,
shiru, shiru,
sai ga shi ta hagu yana tsiyaya,
da fari baƙi-baƙi, toka-toka,
duk hayaƙin makon nan yana sallama,
sannan garau.
Muka juya ɗaya ɓangaren.
"Fyace a hankali, ba kakaki ba ne."
Ta yi dariya, ruwa ya bi haɓa ya jiƙa mata wuyan riga.

Ragowar na watsar a waje,
kafin ya taɓa ƙasa ya fara zama ƙanƙara.
Gobe sabo. Na wanke buta, na kife.

Ta tsaya tsakiyar ɗaki, ta rufe ido,
ta ja iska doguwa, har kafaɗa.
Ina jiran godiya.
Ta yamutsa fuska, ta nuna murhu:
"Baba, madararka ta ƙone."